Ina manoman ƙauyukan Ingila suka tafi? Fashin baƙi daga ƙauyen Laxton

A ranar 19 ga Nuwamba 2024, dubban manoma suka cika unguwar Westminster da ke Landan, wasunsu a kan taraktoci, suna nuna rashin amincewa da shirin gwamnati na fara karɓar harajin gado a kan gonakin da darajarsu ta haura fam miliyan ɗaya. Hotunan sun zagaya har wayoyin mutanenmu, kuma tambayar da aka riƙa yi ita ce: wane irin manomi ne gonarsa za ta kai fam miliyan ɗaya, sannan ya fito yana kukan babu? Akwai wata tambayar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, wadda duk wanda ya taɓa kallon hoton ƙauyen Ingila yakan yi a ransa. Ga gidajen dutse, ga furanni a bakin ƙofa, ga tsohuwar coci da hasumiyarta, ga filaye kore shar an yanka su da shinge, amma babu kowa a gona. Ina mutanen suke?

Bahaushe ya san ƙauye da noma, da rashin wuta da asibiti, da samari masu tafiya ci-rani idan an yi girbi. A Ingila kuwa, idan aka cire Landan, gidan karkara ya fi gidan birni tsada a mafi yawan lokuta, kuma akasarin mazauna ƙauye ba su taɓa shuka ko ƙwayar alkama don sayarwa ba. Amsar tambayoyin biyu tana cikin tarihin ƙasar noma: wa ya riƙe ta, ta yaya aka raba ta, kuma yaushe ta kuɓuce daga hannun jama'a. Wani ƙaramin ƙauye mai suna Laxton shi ne wurin da ya fi dacewa a tsaya a duba wannan al'amari.

Me ake kira ƙauye a can?

A tsohuwar al'adar Ingila, abin da ke bambanta ƙauye da 'yar tunga shi ne coci. Gidajen da suka taru ba su da cocin kansu ba a ɗaukar su cikakken ƙauye, gari kuwa shi ne wanda sarki ya ba izinin cin kasuwa. Kowane ƙauye yana zaune a tsakiyar gundumar cocinsa, kuma shekaru aru-aru wannan gunduma ce ke ciyar da gajiyayyu, ta gyara hanya, ta rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Sai a 1894 aka raba aikin coci da na hukuma, aka kafa majalisun gunduma da jama'a ke zaɓa, waɗanda har yau suke kula da filin wasa, da ɗakin taro, da maƙabarta, da hanyoyin ƙafa.

A lissafin hukuma, matsugunin da mutanensa ba su kai 10,000 ba ana sanya shi cikin karkara. Da wannan ma'auni, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Ingila ne ke zaune a karkara. Masu aikin gona kuwa, a faɗin Birtaniya baki ɗaya, kusan kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari na ma'aikata. Waɗannan alƙaluma biyu kaɗai sun isa su nuna cewa zama a ƙauye daban, noma daban.

Laxton, inda tsohon tsari bai mutu ba

Laxton yana lardin Nottinghamshire, a tsakiyar Ingila, ba nisa da garin Newark, kuma mutanensa ba su kai ɗari biyar ba. Sunansa ya fito a babban kundin ƙidayar ƙasa na 1086, wanda Sarki Wilyam na Nomandi ya sa aka rubuta shekara ashirin bayan ya ci Ingila da yaƙi, don ya san abin da ya mallaka da abin da zai karɓa. A bayan ƙauyen har yau akwai tudun tsohuwar ganuwa ta zamanin Nomandawa, daga lokacin da masu riƙe da Laxton ke kula da dajin Sherwood a madadin sarki.

Amma ba ganuwar ce ta sa aka san shi ba. Laxton ne ƙauye na ƙarshe a Ingila da ake noma bisa tsarin buɗaɗɗun filaye, tare da kotun ƙauye da ke tsare dokokinsa. Manyan filaye uku ne suka kewaye gidajen: Filin Niƙa, da Filin Yamma, da Filin Kudu. Babu shinge a cikinsu. An yanka kowanne ziri-ziri, dogaye siririya, kuma gonar mutum ɗaya ba a dunƙule take wuri guda ba, zirinsa ɗaya yana nan, wani yana can ƙarshen filin, wani yana fili na biyu, a tsakanin na maƙwabta. A kowace shekara fili ɗaya na alkamar da ake shukawa kafin sanyi ne, na biyu na amfanin bazara irin su sha'ir da wake, na uku kuma a bar shi saura ya huta. Shekara mai zuwa sai a juya. A yanzu an sassauta, ana iya shuka ciyawar dabbobi a filin da ke hutu, amma juyin bai canza ba.

Wanda ya ga haka zai iya cewa wahala ce kawai, amma tsarin yana da dalilansa. Ƙasar wannan yanki laka ce mai nauyi, garmar da ke iya huɗa ta a zamanin da tana buƙatar shanu da yawa, har takwas, kuma talaka ɗaya ba ya mallakar su. Dole a haɗa shanu a yi aiki tare. Juya irin wannan garma da ayarin shanunta aiki ne babba, shi ya sa aka fi son ziri mai tsawo da za a daɗe ana tafiya kafin a juyo. Warwatsa zirin kowa kuma ya sa kowane gida ya sami rabonsa na ƙasa mai kyau da mara kyau, ta yadda idan ruwa ya kwanta a kwari ba mutum ɗaya zai kwashe asarar ba. Bayan girbi sai a saki dabbobin ƙauye su yi kiwo a filin gaba ɗaya, takinsu ya koma ƙasa, mata da yara kuma su yi kala. Akwai kuma makiyayar jama'a, inda mai saniya ɗaya ko 'yan agwagi ke da haƙƙin kiwo da na sarar itacen girki.

A 1635 wani attajirin Landan, Sir William Courten, wanda ya sayi ƙauyen, ya sa mai safiyo Mark Pierce ya zana masa taswirarsa. Taswirar tana nan a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford, kuma ta nuna zirin gona fiye da 2,000, kowanne da lambarsa da sunan mai noma shi a littafin da ke tare da ita. A farkon ƙarni na 20 an haɗe su suka zama manya domin injin noma ya iya shiga, yanzu ba su kai 200 ba. Duk da haka, wanda ya riƙe kwafin taswirar ya tsaya a Filin Niƙa zai gane hanyoyi da kwaruruka da sunayen wurare da dama.

Kotun da ke zama sau ɗaya a shekara

Gonar da ba ta da shinge ba ta zaunuwa sai da hukunci, domin garma ba ta da wuyar karkacewa ta ci taku ɗaya daga cikin na maƙwabci. Duk wanda ya taɓa zama gaban dagaci a kan rikicin iyakar gona ya san yadda taku ɗaya ke zama gaba ta shekaru. Maganin da Laxton ya gada shi ne kotun ƙauye.

A ƙarshen kowace shekara, wajen ƙarshen Nuwamba, manoman da aka rantsar sukan taru su hau tirelar tarakta zuwa filin da ya gama hutu aka shuka masa alkama. Suna tafe da turakun katako da guduma, suna duba iyakoki, suna kafa sabon turke inda tsohon ya ruɓe ko ya ɓata, suna rubuta wanda ya yi huɗa ya shiga hanya, da wanda bai yashe magudanarsa ba. Bayan mako guda sai kotu ta zauna a mashayar ƙauyen mai suna Dovecote, wadda a irin waɗannan ƙauyuka ita ce dandalin taro, wakilin mai ƙasa yana shugabanta. A karanta laifuffuka, wanda ake tuhuma ya kare kansa a gaban maƙwabtansa, a yanka tara, a rantsar da sababbin masu duba fili na baɗi, har da mai muƙamin kama dabbar da ta yi ɓarna. Tarar ba ta da yawa, kunyar a kira sunan mutum a gaban jama'a ita ce ainihin horon.

Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne don masu yawon buɗe ido. A 1977 majalisar dokoki ta soke ikon shari'a na irin waɗannan tsofaffin kotuna a faɗin ƙasar, amma ta ware ta Laxton da suna ta bar mata ikonta. Akwai kuma ciyayin da ke tsakanin gonaki, a kwaruruka da gefen hanyoyi, waɗanda ba a taɓa huɗa su ba. Ana gwanjon ciyawarsu kowace shekara a tsakanin manoman ƙauyen, kuma da yake ba a zuba musu takin zamani ko maganin feshi, furannin daji da suka ɓace a wasu wurare sun tsira a cikinsu, har hukuma ta sanya su cikin wuraren da doka ta kare.

Yadda shinge ya cinye filayen jama'a

Abin da ake gani a Laxton shi ne abin da dubban ƙauyuka suke a kai a da a tsakiyar Ingila. Rushewarsa ta zo a matakai. Annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe aƙalla sulusin mutanen ƙasar, hannun aiki ya yi ƙaranci, ulu kuma ya yi daraja, sai masu ƙasa da dama suka ga tumaki sun fi mutane riba. Suka kori manoman haya, suka mai da gonaki makiyaya. Ƙauyen Wharram Percy da ke Yorkshire ya zama kufai ta wannan hanya wajen shekarar 1500, kuma masana sun gano kufan ƙauyuka kusan 3,000 a Ingila, ko da yake ba dukansu tumaki ne suka tashe su ba. Jama'a ba su zuba ido ba: a 1549 an yi tawaye a Norfolk ƙarƙashin Robert Kett, a 1607 kuma talakawan tsakiyar ƙasar suka fito suna tumɓuke shinge, aka murƙushe su da ƙarfi.

Mataki mafi girma ya zo ta hannun majalisar dokoki. Tsakanin 1604 da 1914 an zartar da dokokin killace ƙasa fiye da 5,200, waɗanda suka shafi eka kusan miliyan 6.8, wato kimanin kashi ɗaya cikin biyar na Ingila, kuma mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850 aka yi su. Yadda abin ke gudana shi ne masu ƙasa su kai buƙata majalisa, a naɗa kwamishinoni su auna ƙauyen, su soke ziri-zirin da makiyayar jama'a, su ba kowane mai haƙƙi gona dunƙulalliya da zai kewaye da shinge. A takarda adalci ne. A aikace, yardar da ake nema ta masu rinjayen ƙasa ce ba ta rinjayen mutane ba, don haka mutum biyu ko uku suna iya yanke wa ƙauye guda hukunci. Ƙaramin manomi da aka ba 'yar gona sai ya biya rabonsa na kuɗin safiyo da lauya da dashen shinge, da yawa suka sayar. Wanda kuwa yake kiwon saniyarsa a makiyaya bisa al'ada kawai, ba shi da shaidar da doka ta sani, ya tashi a tutar babu. Ko kala ma, a 1788 kotu ta yanke cewa ba haƙƙin talaka ba ne a doka, alfarma ce ta mai gona.

Waɗannan shingaye masu kyan gani da ake ɗauka a hoto, da yawansu a wannan zamani aka dasa su.

Ribar wa, asarar wa?

Masu goyon bayan killacewa suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. A buɗaɗɗen fili manomi ba ya iya gwada sabon iri ko sabon juyin shuka sai kowa ya yarda, dabbobi suna cuɗanya cuta tana yaɗuwa, ana ɓata lokaci wajen tafiya daga ziri zuwa ziri. Bayan killacewa an yi magudanan ruwa, an inganta irin shanu da tumaki, kuɗin haya ya tashi, kuma ƙasar ta ciyar da biranen da ke cika da ma'aikatan masana'antu. Wasu masana tarihi na baya-bayan nan kuwa suna ganin an zuzuta wannan riba, domin manoman buɗaɗɗun filaye ma sun riƙa ƙara yawan amfanin gonarsu kafin a killace su, kuma abin da ya fi tashi bayan shinge shi ne kuɗin da ke shiga aljihun mai ƙasa.

A ganina wannan muhawara ta yawan buhuna ba ta taɓo inda ciwon yake ba. Iyalin da ke da saniya da alade da haƙƙin itace suna da abin dogaro ko da aikin lada ya yanke. Da aka ɗauke waɗannan, sai ya zama ba su da komai sai ƙarfin jikinsu. Arthur Young, marubuci a kan harkar noma wanda ya fi kowa tallata killacewa a zamaninsa, daga baya ya amince cewa talakawa sun cutu a mafi yawan wuraren da aka yi ta. A 1830 leburorin gona a kudancin Ingila suka tashi suna farfasa injunan sussuka da suka raba su da aikin hunturu, a 1834 kuma aka kori mutum shida na ƙauyen Tolpuddle zuwa Ostireliya saboda sun yi rantsuwar kafa ƙungiyar ma'aikata. Ƙidayar 1851 ta nuna cewa mazauna birane sun kai rabin al'ummar ƙasar har sun ɗan haura. Daga shekarun 1870 alkama mai araha ta fara kwararowa daga Amurka, noma ya faɗi, sauran samarin ma suka bi sahu. Tarakta ta ƙarasa abin da ya rage bayan yaƙin duniya na biyu.

Me ya hana a killace Laxton?

Ba wata tsayuwar daka ta mutanen ƙauyen ce ta cece shi ba, kuma yana da kyau a faɗi haka a fili. An killace wasu sassansa a hankali, fili na huɗu da ke gabas ma ya tafi. Sauran sun tsira ne saboda manyan masu ƙasar sun daɗe ba su daidaita a tsakaninsu ba, kuma lokacin da gidan sarautar Manvers ya tattara mafi yawan ƙasar a hannunsa, kuɗinsa ya tafi ginin katafaren gidan Thoresby, sannan faɗuwar noma ta sa kashe kuɗi a kan shinge ya daina zama abin riba. Kafin a farga, abin da ake gani ci-baya ya zama abin tarihi da masana ke zuwa kallo. A 1952 aka sayar wa Ma'aikatar Gona da ƙauyen domin a adana tsarin, a 1981 ya koma hannun hukumar kadarorin masarauta, a 2020 kuma ya sake komawa ga gidan Thoresby, wato magadan Manvers, tare da alkawarin ci gaba da tsarin.

Daga ina ake sanin duk wannan?

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yadda ƙauyen mutum ɗari uku zai iya kawo sunayen mazaunansa na shekara ɗari huɗu da suka wuce. Tushen abin shi ne umarnin da Thomas Cromwell, babban wazirin sarki, ya bayar a 1538, cewa kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A kan wannan aka ƙara takardun kotunan ƙauye, da wasiyyoyi, da taswirorin ushirin coci na bayan 1836, da ƙidayar jama'a wadda tun 1841 take ɗauke da sunan kowa. Takardun gidan Manvers, ciki har da na Laxton, suna ajiye a Jami'ar Nottingham, kuma kusan kowane lardi yana da ma'ajiyar da kowa zai iya shiga ya nemi kakanninsa. Ƙungiyoyin tarihin ƙauye, waɗanda galibi tsofaffin da suka yi ritaya ne ke riƙe da su, su ne ke kwafe rubutun kaburbura, suna naɗar muryoyin dattawa, suna bin sawun sunayen da aka sassaƙa a dutsen tunawa da mamatan yaƙin 1914 zuwa 1918.

Sai dai a riƙa tuna wanda ya rubuta takardun da abin da ya sa ya rubuta. An yi su ne don haya da haraji da gado. Mai ƙasa yana fitowa a kowane shafi, lebura kuwa sunansa yakan bayyana ne ranar da aka ci shi tara, ko ya nemi taimakon gunduma, ko aka binne shi. Matarsa sau da yawa ko hakan ba ta samu ba.

Wa ke zaune a ƙauyen yanzu?

Dokar tsara gine-gine ta 1947 ta taƙaita gini a karkara, abin da ya kare kyan ƙauyuka amma ya sa gidajensu suka yi ƙaranci. Mota ta ba ma'aikacin birni damar kwana a ƙauye, rufe ƙananan layukan dogo bayan rahoton 1963 na Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya sa wanda ba shi da mota ya maƙale, dokar 1980 kuma ta ba 'yan haya damar sayen gidajen hukuma, waɗanda ba a maye gurbin mafi yawansu ba. Sakamakon shi ne gidan da aka gina wa lebura yanzu likita ko lauya ko mai ritaya ne a ciki, jikan leburan kuma yana haya a gari mafi kusa. Idan yara suka yi ƙaranci makaranta takan rufe, kanti da gidan waya da motar haya su bi baya. A wasu ƙauyukan mazauna sukan haɗa kuɗi su sayi kantin ko mashayar su riƙa gudanarwa da kansu, kuma dokar 2011 ta ba su damar neman a dakata da sayar da irin waɗannan wurare har su tara kuɗi.

Nan ne amsar tambayar farko take, ta manomin da gonarsa ta kai fam miliyan ɗaya amma yake kukan babu. Ƙasa ta taru a hannu kaɗan, farashinta ya tashi saboda masu kuɗi suna sayenta don ajiya, har da don cin moriyar yafewar harajin gado da gonaki suka fara samu cikakkiya a 1992, alhali abin da gonar ke samarwa a shekara kaɗan ne idan aka gwada da darajarta. Gwamnati ta ce 'yan ɗaruruwan gonakin gado ne kawai harajin zai shafa a shekara, kuma bai dace mai dukiya ya ɓuya a bayan tarakta ba. Ƙungiyar manoma ta ce adadin ya fi haka, kuma magada za su sayar da wani yanki na gonar kafin su iya biya, a daidai lokacin da ake janye tallafin da suka saba samu kafin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai.

Manoman Laxton, waɗanda ba su kai ashirin ba, damuwarsu ta ɗan bambanta, domin akasarinsu 'yan haya ne, ƙasar ba tasu ba ce. Gonakinsu ƙanana ne a ma'aunin Ingila ta yau, da yawansu sai sun haɗa da wani aikin kafin su riƙe gida, kuma tsarin ba ya tafiya sai da isassun mutanen da ke zaune a cikin ƙauyen, suna noma zirinsu, suna amsa kira ranar kotu. Idan tsohon manomi ya ajiye aiki, sai an sami gidan da zai koma a ƙauyen kafin gidan gonar ya samu ga matashin da zai gaje shi, kuma gidajen da ake sayarwa a Laxton, kamar na sauran ƙauyuka, sun fi ƙarfin mai noman ziri.